Filin Likita: Fitsari ya tsaya cak, ko yana fita amma marar bata saki ba

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda sanyin nan ya shigo garin Kaduna saƙonnin da ke shigo mana kusan duk akan fitsari ne, wani nashi ya ƙi fita kwata-kwata wani kuma yana fita amma ba yadda ya saba ba, shine nace bara in haɗa su waje ɗaya dan amsar wani zata amfani wani. Kaman kullum mun sakaya sunaye, wasu saƙonnin kuma mun ɗan rage musu tsayi.

TAMBAYA: Salam Likita, Allah ya ƙara basira. Mahaifinmu ne ɗan shekara 67, dama ya jima yana tashi fitsari da dare sau uku sau huɗu kuma in ya shiga bayi sai ya daɗe, bai taɓa cewa komai ba mu ma bamu tambaya ba kasan yadda abin yake tsakanin ɗa da uba. Toh satin da ya wuce sunje ɗaurin aure Abuja a mota, yana ɗan mura sai ya sha maganin mura na kemis, a hanyar dawowa fitsari ya matse shi tun daga Jere amma yaji nauyin yace a tsaya saboda akwai surukai a motar, ya daure har gida. Yana shiga bayi ko ɗigo bai fito ba. Muka bashi kankana, Hajiya ta jiƙa mishi kanwa da wani sassaƙe muka ɗura mishi, maimakon sauƙi sai marar ta ƙara tashi, dattijo cikin sanyin nan yana ta haɗa gumi yana salati. Wajen ƙarfe biyun dare muka kai shi asibiti suka sa mishi roba, abin da ya fito ya wuce lita ɗaya. Yanzu rigimar da muke shine yace a cire mishi robar nan, wai duk wanda aka sa ma roba da ita za a binne shi, ya ma daina zuwa masallaci yace bashi da tsarki. Sunce furostet ne. Dan Allah kansa ce? Kuma dole sai anyi tiyata? Daga Tudun Wada.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya saka muku da kuka kai shi cikin daren nan baku ce a bari gari ya waye ba.

Bara in fara da yadda abin yake aiki dan in ka gane shi zaka fi iya lallashin Baba. Mafitsara jaka ce ta tsoka, a babban mutum tana ɗaukar mil 400 zuwa 600, wato kaman ledar fiya wata ɗaya, kuma tun ta kai rabi mutum ke fara jin fitsari. Kafin fitsari ya fita sai abu biyu sun faru a tare, jikin mafitsarar ya matse, bakinta kuma ya saki. Shi kuwa furostet wani ɗan nama ne da maza kaɗai ke da shi, nauyinshi a saurayi wajen giram 20, yana ƙarƙashin mafitsara ya zagaye hanyar fitsarin, aikinshi samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Daga shekara 40 zuwa sama sai ya fara girma a hankali yana matse hanyar, kusan rabin mazan da suka kai 60 nasu ya girma, in an haura 80 kuwa kusan tara cikin goma. Tashin daren nan da daɗewa a bayi da kace yana yi, duk alamarshi ce, hanyar ta jima a matse kawai dai mafitsarar tana da ƙarfin tura fitsarin ne.

Abin da ya kayar da ita ranar abu biyu ne suka haɗu. Yawancin maganin mura na haɗi yana da sinadarin buɗe hanci irin su pseudoephedrine ko phenylephrine, shi wannan ƙara ɗaure bakin mafitsara yake, sannan yana da na tsayar da atishawa irin chlorpheniramine wanda kuka fi sani da Piriton, shi kuma kashe ma tsokar mafitsara jiki yake. Sai ga riƙon fitsari tun daga Jere har Tudun Wada, tsokar ta miƙe fiye da kima, tsoka kuwa in ta miƙe haka bata iya matsewa. Shi yasa duk lokacin hunturu muke ganin dattawa da wannan lalurar a emajensi. Duk mai uba ko kawu da ya haura 50 yana fama da jinkirin fitsari, kar a siyo mishi maganin mura kai tsaye, a faɗa ma likita ko mai famasi halin da yake ciki. Kuma dan Allah direbobi ku riƙa tsayawa da kanku in kun ɗauko manya, ba sai sun roƙa ba, dan ba zasu roƙa ba.

Kankana da jiƙon kanwa kuwa, nasan da kyakkyawar niyya akayi amma wahala kuka ƙara mishi. Ai ba fitsarin ne babu ba, hanyar fita ce ta toshe, ƙoda kuma bata fasa aikinta, duk abin da kuka bashi ya sha a mafitsarar da ta riga ta cika zai sauka. Mutum yana jin fitsari, mara ta kumbura tana ciwo, an ɗauki awanni ko ɗigo babu, ba abin da za a bashi a gida, asibiti kawai.

Maganar wai da roba za a binne shi, ka gaya ma Baba ba haka bane. Abin da akeyi shine a ɗora shi akan magani irin tamsulosin, ƙwaya ɗaya mai miligiram 0.4 a rana, wanda ke sassauta naman furostet da bakin mafitsara, bayan kwana biyu uku zuwa sati a cire robar a asibiti da safe a bashi ruwa a ga ko zai yi da kanshi. Da yawa suna yi, musamman irinshi da akwai takamaiman abin da ya tunzura lalurar. Waɗanda kake gani shekara da shekaru da roba yawanci ko dai sun gudu daga tiyata ne, ko kuɗi ya gagara, ko an sa robar basu ƙara komawa ba sai in ta toshe. Abu ɗaya da zan ja kunnenku akai, kar ya kuskura ya fizge ta da kanshi, akwai ɗan balan-balan a ciki da aka cika da ruwa kaman mil 10 shi ke riƙe ta, in aka ja da ƙarfi zai yaga hanyar fitsari, jini ya ɓalle, daga baya kuma wajen ya warke da tabo ya tsuke, an koma wata sabuwar matsala. Jakar ta kasance ƙasa da mara kullum ko a kwance yake, ya sha ruwa sosai yanzu tunda hanya ta buɗe, a wanke wajen da ruwa da sabulu, kar a bari bayan gida ya yi mishi tauri dan shi kanshi taurin bayan gida yana danne hanyar fitsari. In zaman robar ya yi tsawo, ta yau da kullum mai ruwan ɗorawa ana canza ta duk sati biyu zuwa huɗu, ta silikon tana kaiwa sati 12. Zazzaɓi da rawar sanyi, ko jakar ta yi awanni ba abin da ya sauka, ku koma a ranar.

Tamsulosin yana sa jiri in an miƙe da sauri, ya riƙa tashi a hankali daga kwance ko daga sujada. Sannan ga wani abu da ba a cika faɗa ma mutane ba, in har zai je aikin yanar ido, ko a asibitin ido na ƙasa da ke nan Kaduna ko a ina ne, ya faɗa ma likitan ido yana sha ko ya taɓa shan maganin nan, dan yana sa wani ɓangare na idon ya saki lokacin aikin, in likita ya sani tun farko zai shirya. In furostet ɗin babba ne sukan ƙara da finasteride, shi wannan rage girman naman yake amma sai an yi haƙuri dan yakan kai wata shida kafin a ga aikinshi sosai, kuma mace mai ciki kar ta taɓa fasasshiyar ƙwayar.

Kansa ce? Girman furostet na tsufa daban kansa daban, kuma ba ya rikiɗewa ya koma kansa, sai dai mutum ɗaya zai iya samun duka biyun, kansar furostet kuwa ita ce kan gaba a cikin kansar da ke kama maza a Najeriya, saboda haka dole a duba. Likita zai sa safar hannu ya taɓa ta dubura, nasan nan ne ake daga da dattawa amma bai kai minti ɗaya ba kuma yana nuna abin da sikanin ba lallai ya nuna ba. Sai gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa, amma kar ku yi gaggawar yinshi yanzu, toshewar fitsari da sa roba da infekshan duk suna ɗaga shi, sai ku tada hankalinku a banza, a bari 'yan makonni. Ko ya fito sama ma ba hukunci bane, sai an ɗebi ɗan naman an auna. In yana shan finasteride kuma a faɗa, dan yana rage adadin PSA da kusan rabi.

Tiyata ba dole bace ga kowa. Ana zuwa gare ta ne in an cire roba ya kasa fiye da sau ɗaya, ko ƙoda ta fara taɓuwa, ko ana ta infekshan, ko jini, ko tsakuwa a mafitsara. Akwai wadda ake shiga ta gaba da na'ura a kankare naman ba tare da an yanka ciki ba, akwai ta yankan mara in naman ya yi girma sosai. Akwai likitocin hanyar fitsari a asibitocin koyarwa na Barau Dikko da Shika, ku nemi a tura ku wajensu. Abin da ya kamata a faɗa mishi kafin aiki, kuma ba kai zaka faɗa ba likita ne, shine mafi yawan waɗanda aka yi ma aikin maniyyinsu yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito waje, ba ciwo bane kuma ba wai ya daina zama namiji ba, amma mai amarya da ke son ƙarin haihuwa gara ya sani tun kafin ya sa hannu.

Batun masallaci ni ba malami bane, amma ko a Risala da muka karanta a zaure an yi maganar mai lalurar zubar fitsari, an so ya sabunta alwala a kowace sallah, ba a ce ya bar sallah ba. Ku samu limaminku ya zo ya gaishe shi ya yi mishi bayani, zai fi jin tashi akan tamu. Akwai ƙaramar jaka da ake ɗaurawa a cinya, a juye ta kafin a fita, cikin wando da doguwar riga ba mai sanin tana nan.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni shekarata 58, ina da ciwon suga yau shekara goma sha. Matsalata ba wai fitsari baya fita bane, yawa ma yake yi, kaɗan-kaɗan kusan duk bayan rabin awa, in na yi tsarki na miƙe sai inji ya zubo, kwanan nan kuma abin kunya har a kwance nake tashi in ga na jiƙa shimfiɗa. Ba ciwo ko kaɗan, sai dai marata ta ɗan yi tudu na ɗauka teɓa ce, abinci kuma ya fita raina. Wani abokina yace sanyi ne wani yace waswasi ne. Wane magani zan sha ya tsayar da shi? A sakaya sunana. Daga Kawo.

AMSA: Yaya, cikin duk saƙonnin wannan makon naka ne ya fi tada min hankali, ya fi na Baban Tudun Wada, dan shi ciwo ya kore shi zuwa asibiti cikin dare ɗaya, kai kuwa naka ba ciwo shi yasa aka kai wata da watanni ana shawara da abokai. Kar ka sha kowane maganin tsayar da fitsari tukuna. Abin da ka lissafa yafi kama da mafitsarar da ta cika ta batse, bata juyewa, abin da kake gani yana fita rarar da ke malalowa ce ta sama, asalin fitsarin yana nan a ciki. Babban mutum da bai taɓa fitsarin kwance ba ya fara rana tsaka, a wajenmu wannan alama ce da ba a wasa da ita, tudun marar nan kuma ina kyautata zaton ba teɓa bace. Magungunan da ake ba masu yawan fitsari kashe ƙarfin tsokar mafitsara suke, a irin yanayinka ƙara taɓarɓara abin zasu yi.

Suga in ya daɗe yana cin jijiyoyi, yadda yake sa ƙafa ta mutu ko ta riƙa zafi haka yake yi ma jijiyoyin mafitsara, sai ta daina sanar da kai ta cika, ta daina matsewa da ƙarfi, ta yi ta buɗewa har ta ɗauki lita ɗaya lita biyu kana yawonka. A shekarunka ana iya samun furostet ma a kai. In kuma an taɓa baka amitriptyline saboda zafin ƙafa kaman yadda ake ba masu suga da yawa, ka faɗa ma likita dan shima yana riƙe fitsari. Haɗarin shine in matsin ya yi yawa fitsari yakan koma baya ya kumbura ƙoda duka biyun, su yi ta lalacewa shiru, sai ka ga mutum abinci ya fita ranshi, tashin zuciya, kasala, jini ya yi ƙasa, ƙaiƙayin jiki, wani har shaƙuwa, ana ta maganin taifot da olsa. Shi yasa maganar abincin nan da ka yi ta tsaya min.

Gwajin ba wahala. Sikanin mara ne, a duba kafin ka yi fitsari, ka je ka yi, a sake dubawa a auna abin da ya rage, kuma ka tabbatar an rubuta adadin dan wasu wuraren sai ka roƙa. In ƙasa da mil 50 ne lafiya lau, dattijo ko 100 ba a damuwa, amma in ya haura 300 to mafitsara bata juyewa. A duba ƙoda a sikanin ɗin, a yi gwajin jini na ƙoda wato yuriya da kiriyatinin, a auna fitsari. Ka yi wannan cikin satin nan, in amai ya fara ko ƙafa ta kumbura kuwa yau. In ƙoda ta taɓu za a sa roba kuma mai yiwuwa su riƙe ka kwana biyu, dan bayan an buɗe hanya wasu sukan yi ta zubar da fitsari lita-lita har sai an bi su da ƙarin ruwa. Abin daɗin shine ƙodar da toshewa ta kumbura tana iya farfaɗowa sosai in an buɗe da wuri, in aka makara ne ake ƙarewa a wankin ƙoda, kuɗin wankin ƙoda na sati ɗaya kuwa ya ninka na sikanin nan ba adadi.

In ya tabbata jijiya ce, kankare furostet kaɗai ba lallai ya gyara ba. Abin da ya fi shine a koya maka sa 'yar siririyar roba da kanka ka juye ka cire, sau huɗu zuwa shida a rana, jin shi da ban tsoro amma waɗanda suka koya sun fi son shi akan yawo da jaka. Sannan ka riƙa zuwa fitsari da agogo duk awa uku ko baka ji ba, in ka gama ka dakata minti ɗaya ko biyu ka sake gwadawa. Sugan kuma a kama shi da kyau.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ce ta haihu a gida haihuwar fari, ta kwana biyu tana naƙuda. Tunda ta haihu sai da ta kwana ɗaya da wuni bata yi fitsari ba, yanzu kuma yana ɗiga ne kawai ba tare da ta sani ba, cikinta ta ƙasa ya kumbura kaman bata haihu ba. Goggonmu tace gishiri ne a kira wanzami ya yanke. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga Rigasa.

AMSA: 'Yar'uwa gara da hankalinki bai kwanta ba. Ki ba Goggo haƙuri cikin ladabi amma kar a bari aska ta taɓa yarinyar nan. Hanyar fitsarin mace gaba ɗayanta santimita 4 ce, ita da mafitsara suna jingine ne da bangon gaba na farji, daidai inda ake yankan, kuskure kaɗan an huda, kuma yankan gishiri na cikin sanannun abubuwan da ke jawo yoyon fitsari a ƙasar Hausa.

Mai jego ya kamata ta yi fitsari cikin awa shida da haihuwa. Doguwar naƙuda tana sa kan jariri ya danne mafitsara da jijiyoyinta, wajen ya kumbura, ga zafin ƙari ko ɗinki yana sa ta ƙi sakin jiki, sai mafitsara ta cika bata sani ba. Cikakkiyar mafitsara kuma tana hana mahaifa komawa da kyau, jini ya yi ta zuba. Ɗigar da take yi yanzu ko dai malalowa ce ko kuma yoyo ne ya fara, dan wanda doguwar naƙuda ke jawowa sau da yawa sai bayan kwana uku zuwa goma yake bayyana. Kumburin nan yafi nuna na farkon, amma ko wanne ne maganin farko ɗaya ne, a kai ta asibiti yau a sa mata roba. In riƙewa ce kwana kaɗan mafitsara ta huta a cire. In ƙaramin yoyo ne sabo, barin roba na sati huɗu zuwa shida da shan ruwa sosai yana iya rufe shi ba tare da tiyata ba, wannan na daga cikin abin da Dakta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya daɗe yana aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, ya nuna. In an buƙaci aiki akwai sashen masu yoyon fitsari a asibitin Gambo Sawaba da ke Zariya. Ciki na gaba kuma awo da haihuwa a asibiti, ba jayayya.

Tunda ana maganar mata, mai cikin wata uku zuwa huɗu ma fitsari kan iya tsaya mata in mahaifar ta kwanta ta baya, haka mai babban faibiroid wato ƙarin da ke fitowa a mahaifa, da uwar 'ya'ya da yawa da mahaifa ko mafitsara ta zazzago mata. Ba duk matsalar fitsarin mace bace infekshan, in an sha magani sau biyu sau uku ba canji a yi sikanin.

TAMBAYA: Likita ni ɗan keke napep ne shekarata 29. Shekarun baya na taɓa kamuwa da ciwon sanyi har da mugunya, na sha kafso a kemis ya tafi, na tuba tun lokacin. Yanzu fitsarina ya zama siriri, wani lokaci ya rabu biyu, sai na yi nishi kuma ina gamawa inji saura. Furostet ne ya kama ni da ƙuruciya? Aure zan yi bayan sallah. Dan Allah a sakaya. Daga Unguwar Mu'azu.

AMSA: Ƙanina a 29 da wuya ace furostet ne, yafi kama da tsukewar hanyar fitsari. Ciwon sanyin da bai samu cikakken magani ba yakan bar tabo a ciki, tabon yana tsukewa a hankali, sai bayan shekaru mutum ya manta abin ya fito. Faɗuwa akan ƙarfe ta tsakanin ƙafafu ko karayar ƙugu a hatsarin mashin ma suna jawo shi. Ba kafso ko jiƙon da ke narkar da tabo, saboda haka ka daina ɓarnar kuɗi wajen masu lasifika a bakin kasuwa. Akwai hoton da ake ɗauka bayan an tura wani ruwa ta gaba, shi ke nuna inda ya tsuke da tsawonshi. In gajere ne a buɗa ko a tsaga ta ciki, sai dai yakan dawo, in dogo ne a yi aikin gyara, wani lokaci da fatar cikin kumatu ake faci, wannan ya fi ɗorewa. In ya taɓa toshewa gaba ɗaya ka faɗa musu tarihin tun a bakin ƙofa kar a yi ta cusa roba da ƙarfi, in ta ƙi shiga ta mara ake sawa.

Baka ce kana sha ba ni ma ban ce ba, amma taramol da kodin duk suna riƙe fitsari su kuma busar da bayan gida, kodin ɗin ma na maganin tari gwamnati ta hana shi tun 2018. In kuma ka yi wankan rafi ko kududdufi da ƙuruciya ka taɓa ganin jini a ƙarshen fitsari, a duba tsargiya, tana taurara mafitsara, maganinta praziquantel ne gwargwadon nauyin mutum. Aure ba fashi in sha Allah, amma ka je a duba ka tun yanzu, a haɗa da gwaje-gwajen kafin aure gaba ɗaya.

TAMBAYA: Yarona wata huɗu, ban taɓa ganin fitsarinshi ya yi tsiri irin na yayyenshi ba, ɗiga yake yana nishi yana kuka, ga zazzaɓi akai-akai. Kakarshi tace in an yi kaciya zai buɗe. Daga Badarawa.

AMSA: Maman yaro kar a jira kaciya. Akwai jarirai maza, kaman ɗaya cikin 5,000 zuwa 8,000, da ake haifa da wata 'yar fata a can cikin hanyar fitsari tana tare shi, ba a bakin gaba take ba balle kaciya ta cire, kuma tana cin ƙodar yaro tun yana goye. Ki kai shi wajen likitan yara a babban asibiti ki faɗi maganar nan yadda kika faɗa min, a yi sikanin ƙoda da gwajin fitsari. Da na'ura ake shiga a tsaga fatar.

TAMBAYA: Mijina lebura ne, ya ɗaga buhun siminti bayanshi ya riƙe yau kwana huɗu, ciwon na sauka ƙafafu biyu, tun jiya kuma fitsari sai da ƙyar, yace in yana tsarki baya jin ruwan a jikinshi. Mai ɗori yace a kawo shi gobe. Daga Hayin Banki.

AMSA: 'Yar'uwa na riga na amsa miki kai tsaye ranar da saƙon ya shigo, ina maimaitawa ne saboda sauran masu karatu. Ciwon baya da ya haɗu da tsayawar fitsari, da mutuwar fata tsakanin cinyoyi da wajen dubura, ko ƙafafu su yi nauyi, alama ce ta an danne jijiyoyin ƙarshen laka, yawanci faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya fito, wani lokaci tarin fuka na ƙashin baya ko cutar kansa. Ba aikin mai ɗori bane, murza wajen ma ƙara ɓarna ne. Ana son hoton MRI da tiyata cikin kwana ɗaya zuwa biyu, in aka wuce haka mutum na iya rasa riƙon fitsari da bayan gida da ƙarfin namiji har abada. A kwantar da shi a mota a wuce emajensin asibitin koyarwa, Shika ko Barau Dikko, kuma kalmar farko da za a faɗa musu ita ce baya jin ruwan tsarki.

Masu tambaya akan tsakuwar ƙoda da jini a fitsari ku yi haƙuri fili ya cika, naku sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.